Yadda Ake Kafa Intanet Na Gama Kai, Da Inda Ya Sha Bamban Da Na Kamfani

Kamfanin sadarwa ba ya kafa turke a gari don tausayi. Kafin ya kawo ko ƙarfe ɗaya sai ya lissafa mutum nawa ne a wurin, nawa kowa zai kashe a wata, nawa dizal da gadi da gyara za su ci, sannan a shekara nawa kuɗinsa zai dawo. In lissafin bai fita ba, sai ya tsallake garin. Ba mugunta ba ce. Kuɗin masu hannun jari ne a hannunsa, su kuwa riba suka fito nema. Abin da ya rage wa mutanen irin wannan gari shi ne ko dai su ci gaba da hawa tudu suna laluben sabis, ko su haɗa kuɗi su jawo layin da kansu.

Akwai waɗanda suka zaɓi na biyun. A Mankosi, wani yanki mai ƙauyuka 12 a lardin Gabashin Kef na Afirka ta Kudu, bincike ya nuna mutane na kashe har kashi 22 cikin 100 na abin da suke samu a kan waya. A 2012 suka fara aiki da masu bincike na Jami'ar Yammacin Kef, aka kafa eriyoyi masu amfani da sola a gidajen da jama'a suka amince da masu su. A 2014 suka yi rajistar ƙungiyar gama kai mai suna Zenzeleni, suka samu sassaucin lasisi daga ICASA, hukumar sadarwar ƙasar. Daga baya suka riƙa sayar da katin intanet na wata guda a kan rand 25, ba iyaka.

Kafin a shiga matakai, a fahimci abu ɗaya. Ƙungiyar gama kai ba ta ƙirƙirar intanet, sari take yi. Tamkar watanda ce: a haɗa kuɗi a sayi sa guda, a yanka a kasa, kowa ya tashi da kason da ya fi abin da kuɗinsa zai saya masa a teburin mahauci. Babban layin da ya haɗa ku da duniya daga hannun kamfani zai fito, ko kun so ko kun ƙi. Abin da ƙungiya ke mallaka shi ne zangon ƙarshe, wato daga inda layin ya sauka zuwa ƙofar gidaje.

Sauran bambancin duk daga mallaka ya taso. A kamfani, mai hannun jari dubu yana da ƙuri'a dubu, kai mai sayen data ba ka da ko ɗaya. A ƙungiyar gama kai kowane mamba ƙuri'arsa ɗaya, ko nawa ya zuba, kuma wannan na cikin ƙa'idojin gama kai da suka samo asali daga garin Rochdale na Ingila a 1844. Kamfani yana sa farashin da kasuwa za ta iya ɗauka. Ƙungiya tana sa farashin da zai biya ɗawainiya ya bar ɗan abin ajiya. Rarar kamfani tana tafiya hedikwata, ta ƙungiya tana zama a gari. Lokacin da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya a Najeriya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, ba wanda ya kira masu layi taro. A ƙungiya ba a ƙara ko naira ɗaya sai an zauna.

Amma a faɗi gaskiya, akwai inda kamfani ya fi. Layinsa yana bin ka har Legas, na ƙungiya kuwa iyakarsa bakin gari. Yana da injiniyoyi da ake biya su kwana a farke, yana da jarin sauya kaya in sun ƙone. In kuna cikin birni inda kamfanoni uku ke gasa a kan titinku, ban ga dalilin wahalar da kanku ba, sai dai in kasuwa ce ko ɗakunan kwanan ɗalibai inda mutane da yawa ke cunkushe wuri ɗaya. Wannan aiki na waɗanda aka tsallake ne, da waɗanda tsada ta fi ƙarfinsu.

Mataki na farko: ku ƙidaya kanku

Kada a fara da sayen kaya. Mutum uku ko huɗu su ɗauki littafi su bi gida gida, shago shago. Tambayoyin ba su da yawa: waya nawa ce mai shiga intanet a gidan, nawa ake kashewa a data a wata, me ake yi da ita, a wane lokaci. Kada ku tambayi mutum ko yana son intanet mai araha, kowa zai ce e. Ku tambaye shi nawa ya sa wa wayarsa a makon jiya.

Ku ware manyan masu buƙata daban: makaranta, asibitin sha-ka-tafi, masu POS, mai shagon buga takardu, gidan kallon ƙwallo. Su ne za su riƙe ƙungiyar a watannin da aljihun gidaje ya bushe, musamman tsakiyar damina kafin amfani ya shigo. Kuma a tura mace ta shiga cikin gidaje ta tambayi mata. In aka tsaya a majalisun ƙofar gida, rabin masu wayar ba a ji daga bakinsu ba.

In bayan zagayen ba ku samu gida talatin zuwa hamsin da suka yarda su ajiye kuɗin shiga ba, ku dakata. Ajiyewa na ce, ba alkawari ba.

Mataki na biyu: ina za ku saro layin?

Hanyoyi uku ne. Mafi inganci ita ce wayar fayiba, in ta ratsa kusa da ku. Sau da yawa tana binne a gefen babban titi, ta wuce garin ba ta tsaya ba. Ta biyu ita ce a harbo muku layin ta iska daga garin da ke da shi, eriya na kallon eriya, tazarar kilomita 10 ko 20 ko fiye. Ta uku tauraron ɗan'adam. Starlink ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, kuma ya sauƙaƙa wa wuraren da ba fayiba ba turke. Sai dai a kula: sharuɗɗan layinsa na gida sun hana a sake sayar da shi ba da izini ba. Haka ma yawancin layukan gida na sauran kamfanoni. Ƙungiyar da ta gina kanta a kan layin da ba ta da izinin rabawa, ranar da aka gano ta aka yanke, ba ta da bakin magana.

Saboda haka ku je wa mai sayarwa da gaskiyarku: mu ƙungiya ce, za mu raba wa gidaje kaza. Ku nemi a rubuta abu uku a takarda. Megabit (ma'aunin gudun layi) nawa ne, kuma naku ne ku kaɗai ko ana raba shi da wasu? In layi ya ɗauke, cikin awa nawa za a gyara? In ya wuce haka, za a rage muku kuɗin wata? Ku ji farashi daga wuri biyu ko uku kafin ku sa hannu.

Mataki na uku: takardu

Rajista biyu ce, kuma mutane kan rikita su. Ta farko ta ƙungiyar ce. A Najeriya dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ta yarda mutum 10 su kafa ƙungiya ta matakin farko, ana kuma yin rajistar a ofishin daraktan gama kai na jiha. A Nijar, Kamaru da Chadi ana bin dokar 2010 ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta wasu ƙasashen Afirka, wadda ta yarda mutum 5 su kafa ƙaramar ƙungiya mai sauƙin tsari.

Ta biyu ta hukumar sadarwa ce, NCC a Najeriya, ARCEP a Nijar. Takardar gama kai ba ta ba ku izinin sayar da intanet ba. Dokar sadarwa ta Najeriya ta 2003 ta hana a samar wa jama'a sabis ba tare da lasisi ba. Wasu ƙasashen sun yi wa ƙananan ƙungiyoyi ƙofa ta daban: Kenya ta fito da lasisi mai rahusa na musamman domin su a 2021, Meziko kuwa ta ba ƙungiyar TIC ta ƙauyukan jihar Oaxaca izinin gudanar da layin wayarta a 2016. Ga ƙaramar ƙungiya, hanyar da ta fi sauƙi ita ce yarjejeniya da kamfani mai lasisi, ya zama a ƙarƙashin inuwarsa kuke rabawa, kayan kuma naku ne. Ku rubuta wa hukumar wasiƙa ku bayyana abin da za ku yi, ku adana amsarta. Cibiyar CITAD da ke Kano ta daɗe tana horar da matasa a kan wannan aiki, kuma tun a shekarun 2000 Gidauniyar Fantsuam ta gudanar da layin ZittNet a Kafanchan, don haka akwai na gida da suka san hanyar.

Sai kundin ƙa'idojin ƙungiya. A nan ne ake kwance rigimar shekara uku masu zuwa, don haka kada a kwafo na wata ƙungiya a sauya suna kawai. Ya faɗi waye mamba, nawa ne kuɗin shiga, shekara nawa shugabanni za su yi, mutum nawa ne za su sa hannu kafin a fitar da kuɗi daga banki. Ya faɗi ƙarara cewa kayan na ƙungiya ne, ko da a kan rufin wane aka kafa su. A rubuta yarjejeniya da duk mai gidan da aka ɗora wa eriya, har da abin da zai faru in ya rasu ko ya sayar da gidan. Ya kuma faɗi inda kayan za su tafi in ƙungiya ta rushe. B4RN, ƙungiyar da mutanen karkarar Lancashire a arewacin Ingila suka kafa a 2011, ta ɗaure dukiyarta ta yadda ba za a iya sayar da ita a raba kuɗin ba. Shi ya sa manoman yankin suka yarda a ratsa gonakinsu da fayiba kyauta: sun san ba wani suke yi wa kitso ba.

Wata shawara da ba kowa zai so ta ba. Mai kuɗin gari zai iya cewa shi zai sayi kayan duka. Ku karɓa da godiya, amma a matsayin bashi mai wa'adi ko kyauta a rubuce, kuma ƙuri'arsa ta tsaya a ɗaya. In ba haka ba, kamfanin mutum ɗaya kuka kafa, sunan ne kawai na gama kai. Haka nan kayan ɗan siyasa masu zuwa da hotonsa a jiki.

Mataki na huɗu: lissafin da ke raya ƙungiya ko ya kashe ta

Kuɗi iri biyu ne: na kafawa, wanda ake kashewa sau ɗaya, da na kowane wata. Na kafawa ba shi ne matsala ba. Ana samun sa daga kuɗin shiga, da hannun jarin mambobi, wani lokaci da tallafi. B4RN har ta riƙa ba mutane hannun jari a madadin haƙan ramin da suka yi da hannunsu, wanda ke nufin marar kuɗi ma ya zama mai abu.

Na wata-wata shi ne inda ake faɗuwa, kuma kusan kullum a wuri ɗaya: an manta kaya suna tsufa. Ga misali da alƙaluman da na ɗauka don nuna hanya kawai, ku sa naku na gaskiya a gurbinsu. A ce layin da kuka saro naira 200,000 ne a wata. Ladan mai gyara 40,000. Mai gadi 20,000. Zirga-zirga, kati da ƙananan abubuwa 20,000. An samu 280,000. Yawancin mutane a nan suke ja layi su raba.

Saura ɗaya. A ce kayan da kuka kafa, eriyoyi da batura da faifan sola da sauransu, sun ci 2,400,000, kuma kuna sa ran sauya su cikin shekara huɗu. Wata 48 ke nan, wato 50,000 duk wata. Dole wannan ya shiga lissafi ya kuma tafi asusu na daban da ba a taɓawa don biki ko ta'aziyya. Jimla ta zama 330,000.

In mambobi 60 ne, kowa 5,500. Amma ba watan da mutum 60 za su biya duka a kan lokaci. Ku yi lissafi da kashi uku cikin huɗu, mutum 45, sai ya kama kusan 7,400. Wannan shi ne farashin gaskiya. Yanzu ku ɗauko littafin zagayen farko ku kwatanta da abin da gidaje ke kashewa a data. In 7,400 ya fi ƙarfinsu, mafita ba rage asusun sauya kaya ba ce. Ko ku ƙara mambobi, ko ku sa wa manyan masu buƙata farashi na daban, ko ku sayi ƙaramin layi. A tuna kuma kusan duk kayan nan da dala ake shigo da su, don haka a riƙa sake duba kuɗin ajiyar duk wata shida.

A ƙauyukan Oaxaca da aka ambata, kowane mai layi yana biyan peso 40 a wata a farkon tsarin. Kaso mafi girma yana zama a garin don biyan mai kula da wuta da layi, ragowar ya tafi uwar ƙungiya don injiniyoyi da lauyoyi. Tsari ne da ya dace a kwaikwaya in garuruwa da yawa suka haɗu.

Mataki na biyar: duba ƙasa, kafa kaya

Eriyoyin da ake harba layi da su daga nesa, irin na kamfanonin Ubiquiti da MikroTik, galibi a zangon gigahaz 5 suke aiki, kuma sharaɗinsu ɗaya ne: su ga juna. Ba bango, ba tudu, ba bishiya a tsakani. Ku nemi wuri mafi tsayi a gari, tankin ruwa, bene, hasumiya ko dutse, ku hau ku duba da ido waɗanne unguwanni ake hange.

Ganin ido kaɗai bai isa ba. Siginar tana buɗewa a tsakiyar hanya, tana buƙatar sarari sama da ƙasa. A tazarar kilomita 5, ana son kimanin mita 5 na fili tsakanin layin da ido ya ja da kan bishiyar da ta fi tsayi a tsakiya. Ga kuma tarkon da ke kama sababbin hannu: sun yi awo da rani lokacin da itatuwa suka kaɗe, komai ya tafi daidai, damina ta sauka ganye ya cika ya jiƙe, layi ya fara tsinkewa. In da rani kuka auna, ku ƙara wa sandar tsayi.

Saita eriya aikin mutum biyu ne, ko uku. Ɗaya a sama a wannan gefe, ɗaya a wancan, suna magana ta waya. Na uku, a ƙasa, yana riƙe da kwamfuta ko waya yana karanta lambar ƙarfin sigina, wadda ke zuwa da alamar ragi a gabanta; in lambar tana raguwa, sigina na ƙara ƙarfi. A bar kusoshi a sassauce. Na sama ya juya faifan a hankali zuwa dama, ɗan kaɗan, ya tsaya ya ƙirga biyar, domin lambar ba ta sauyawa nan take. Na ƙasa ya kira: 78, 74, 69, 71. Da ta fara komawa sama an wuce, a dawo baya. In an samu gefe da gefe, sai a yi sama da ƙasa haka nan. Sannan na wancan gefen ya yi nasa, ba a juyawa lokaci guda. Tsakanin 50 da 65 ya yi kyau. Daga 75 zuwa sama za ku sha wahala. Wurin ɗaure kusoshi a ci gaba da kallon lambar, don sau da yawa ɗaurin ƙarshe ne ke karkatar da faifan.

Wayar da ke kai wa eriya data ita ce ke kai mata wuta, kuma kada tsayinta ya wuce mita 100. A sayi mai jure rana da ruwa, ta tagulla zalla. A lanƙwasa ta ƙasa kafin ta shiga ɗaki don ruwan sama ya ɗiga waje, kada ya bi ta zuwa cikin rauta, wato na'urar da ke raba layin. Kowace sanda mai tsayi a haɗa ta da sandar tagulla da aka binne a ƙasa mai danshi, a kuma sa abin kare kaya daga tsawa. Kuɗinsa kaɗan ne in aka kwatanta da abin da aradu ɗaya za ta ƙone a dare ɗaya.

Wuta kuwa, ku ɗauka babu ta gwamnati. A tara abin da kowane kaya ke ci. A ce cibiyar tana da eriya uku da rauta ɗaya, duka wat 40. A awa 24 ya zama 960. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da 2,400, amma in irin na dalma ne rabi kawai ake sha in ana son ya yi ƙarko, wato 1,200. Guda ɗaya zai kai ku kwana ɗaya da kyar, saboda haka biyu ake so don kwanakin hadarin Agusta. Faifan sola na wat 400 zai wadatar. In kwanon tauraron ɗan'adam ne tushenku, shi kaɗai yana iya cin wat 50 zuwa 100, sai a sake lissafin gaba ɗaya. Da hunturu a sa yaro ya riƙa goge ƙurar faifan duk bayan kwana biyu. Batura a ɗaki mai iska da inuwa, zafi yana rage musu kwana. Kuma a hana jona firji ko cajin wayoyin unguwa a wutar cibiya, sai in an yi lissafinsa tun farko. A Mankosi an yi lissafin, cajin waya ya zama hanyar samun kuɗin ƙungiyar tun kafin intanet ɗin ya kankama.

Batun shiga gidaje yana da nasa. Katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano suna cinye siginar waifai. In kuka kafa wurin kamawa a bakin kasuwa da ƙofar masallaci kaɗai, maza da samari ne za su mora, matan da ke cikin gida suna biyan kuɗi ba sa samu. Gara a sa ƙaramar eriya a saman gida, waya ta sauko tsakar gida zuwa rauta, maƙwabta biyu ko uku su raba.

Ku fara da gida goma na wata guda kafin ku buɗe wa kowa.

Mataki na shida: rabo da karɓar kuɗi

Layin megabit 100 yana iya ɗaukar gidaje 60 ba tare da kuka ba, saboda ba kowa ke jan sa a daƙiƙa ɗaya ba. Gwajin gaskiya shi ne bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya kwanta da waya a hannu. In ba a sa wa kowa iyaka ba, mutum uku masu sauke finafinai za su shanye layin. Rautar MikroTik tana iya yanka wa kowane mai shiga gudun da ba zai wuce ba, ta kuma saki ragowar in dare ya yi nisa. Nawa za a yanka, wa za a fifita, asibiti ko gidan kallo, wannan ba hukuncin mai gyara ba ne. Na taron mambobi ne, shi aiwatarwa ce tasa.

Wajen kuɗi, a biya kafin a sha. Rautar tana fitar da lambobin shiga na kwana ɗaya, na mako, na wata. A buga su a ƙananan takardu a ba masu shago biyu ko uku su sayar, a ba su ɗan kamasho. Lamba ta ƙare, layi ya rufe da kansa. Amfanin wannan ya wuce na lissafi. Ba wanda zai iya zuwa ƙofar kawunsa ko surukinsa ya ce zai yanke masa layi saboda bashin wata biyu, amma na'ura ba ta jin nauyin kowa. In akwai waɗanda ƙungiya ke son ɗauke wa, marayu ko ɗalibai, a yanke shawarar a taro, a rubuta, a fitar musu da kati daga asusu.

Mataki na bakwai: masu gyara da littafi

Kada ilimin ya taru a kan mutum ɗaya. Yaron da ya iya saita komai shi ne wanda zai fara samun aiki a Abuja. A horar da aƙalla uku, har da mace, domin akwai gidajen da namiji ba zai shiga gyara ba. A biya su, ko kaɗan ne; aikin sa kai yana da wa'adi. Lambobin sirri na kowace na'ura a rubuta su a sa a ambulan a hannun sakatare da ma'aji. A ajiye eriya ɗaya da rauta ɗaya na ko-ta-kwana.

Duk wata ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban mambobi, ya manna kwafin a inda kowa zai gani, da takardar banki a gefe. Guifi.net, wanda Ramon Roca ya fara a ƙauyen Gurb na yankin Kataloniya a Sifen a 2004, ya kai wuraren haɗi fiye da 30,000, kuma har ƙananan kamfanoni suna kasuwanci a kansa. Abin da ya riƙe shi shi ne kowa yana bayyana abin da ya kashe wa layin da abin da ya ja daga cikinsa, a daidaita, mai bin bashi a biya shi.

Akwai wata matsala da kamfani ba shi da ita, ƙungiya ke da ita. Ma'aikacin kamfani da ke iya ganin zirga-zirgar layinka bai san ka ba. Na ƙungiya maƙwabcinka ne. Ko da yake yawancin saƙonni a kulle suke tafiya yanzu, mai riƙe da rauta yana iya ganin wa ke kan layi, da ƙarfe nawa, kuma sau da yawa wane shafi ya nufa. A ƙaramin gari wannan ya isa ya kashe aure. A rubuta a kundi cewa ba a leƙa na kowa, ba a ajiye bayanin da ba a buƙata, ba a ba kowa sai da takardar hukuma, kuma mai gyaran da ya karya wannan ya sauka. A Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanku kamar yadda ta hau kan kowane kamfani. In iyaye suna son a toshe wasu shafuka ko a rufe wa yara layi da dare, ana iya yi, amma a fili, da ƙuri'a, kowa ya san abin da aka toshe.

In ƙauyen da ke kusa suka zo neman a ja musu, kada ku mayar da su kwastomominku. Ku taimaka su kafa tasu ƙungiyar da nasu littafin, ku haɗu a sayen babban layi da biyan injiniya, tun da megabit yana ƙara araha in an saye shi da yawa. Haka Zenzeleni ta yi: aka kafa uwar ƙungiya marar neman riba mai kula da lasisi da horo da ciniki da manyan kamfanoni, shi kuma ƙauyen Zithulele ya samu tasa ƙungiyar daban da ta Mankosi. Kafin ku amsa musu, ku duba asusun sauya kaya. In bai kai kuɗin batura biyu ba, ku ce su dawo bayan kaka.